Furen Ɗaci: Yadda Ƙananan Masu Dafa Giya a Amurka Suka Mayar da Ɗaci Haja

A zauren gasar giya a Amurka, alƙali ba ya farawa da kurɓa. Ana miƙo masa ɗan kofi wanda ba suna a jikinsa sai lamba, abin da ke ciki bai fi cikin ludayi ba. Sai ya kaɗa kofin a hankali, ya cusa hanci, ya ja numfashi gajere-gajere sau biyu ko uku kamar mai tayin turare a kasuwa, ya ɗauki biro ya yi rubutu. Sannan ya ɗaga kofin wajen haske ya duba launi, ya duba kumfar ko mai zama ce ko mai gudu. Sai bayan wannan duka ruwan ke taɓa harshensa. Takardar da ke gabansa ta maki 50 ce: 12 na ƙamshi, 3 na kamanni, 20 na ɗanɗano, 5 na yadda ruwan ke zama a baki, 10 na hukuncin ƙarshe. Ƙungiyar da ke horar da irin waɗannan alƙalai, BJCP, tun 1985 take aiki, kuma sai mutum ya ci jarrabawa take ba shi shaida.

In ka leƙa abin da ya rubuta, sai ka zaci lissafin cefane ne: ɓawon lemo, ɗanyen mangwaro, ƙaron itace, ciyawar da aka yanka da safe. In mai giyar bai yi sa'a ba kuma, sai ka ga jiƙaƙƙen kwali, ko man shanu, ko fitsarin kyanwa. Alhali babu lemo babu mangwaro a kofin nan. Ruwa ne, da tsiron sha'ir, da yis, da wani fure guda ɗaya da Turawa ke kira hop. Giyar da furen nan ya fi mamayewa sunanta pale ale, wato koɗaɗɗiyar giya, tare da 'yar'uwarta mai zafin kai da ake kira IPA.

Kafin mai karatu ya ɗaure fuska, bari in faɗi abin da kowa ya sani. Hukuncin giya a Musulunci ba ya jiran sharhina, haramun ce, ni ban sha ba, ba na kuma kiran kowa ya sha. Amma sanin abu daban, shansa daban. A bayan ɗan kofin nan akwai gonaki, da cibiyoyin binciken iri, da dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu, da cinikin dala biliyan guda, har ma da dawar da manoman Arewa ke nomawa. Tambayar da ta ja hankalina ita ce: me zai sa mutum ya biya ninkin kuɗi don a ba shi abin da ya fi ɗaci? Ko da yake mu da ke tarbar baƙo da goro, mu ci gauta, mu sha miyar shuwaka, ba mu da bakin yi wa wani dariya a kan son ɗaci.

Hop tsiro ne mai yaɗo, yana nannaɗe igiya yana hawa kamar yadda soso ke hawa danga. A gonarsa ana kafa dogayen turaku, a ja waya a sama kan tsayin mita 5 zuwa 7, a sauko da igiyoyi. In girma ya kankama yakan ƙara kusan ƙafa guda a rana ɗaya. Macen kawai ake so, namijin tuge shi ake yi a yawancin gonaki don kada furen ya yi 'ya'ya. A dangin tsirrai ɗan'uwan tabar wiwi ne, amma shi ba ya bugarwa; bugarwar giya aikin yis ne, wanda ke cinye zaƙin tsiron sha'ir ya mayar da shi barasa. Tsiron yana son sanyin da zai kwantar da saiwarsa watanni, sannan yana son doguwar rana a lokacin zafi. A kwarin Yakima na jihar Washington, inda ake noma kusan kashi uku cikin huɗu na hop ɗin Amurka, ranar watan Yuni tana kusan awa 16. A Kano kuwa bambancin rana mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba. Shi ya sa Amurka da Jamus ke riƙe da kasuwar, Jamus da yankinta na Hallertau a Bavaria, sai Jamhuriyar Czech da Ingila da wasu ƙasashe na biye.

A watan Satumba, lokacin girbi, masu dafa giya kan yi tururuwa zuwa Yakima zaɓen kaya. Ana zube samfura a kan tebur, mutum ya ɗebi busasshen furen, kore ne mai ɓawo-ɓawo, girmansa kamar kan babban yatsa, ya murza shi tsakanin tafukansa har ya yi ɗumi, ya dunƙule hannu ya kai hanci. In ya buɗe hannun sai ka ga wani gari rawaya ya manne masa, yana danƙo kamar ƙaro. Duk rigimar a kan garin nan take. Abu biyu ne a cikinsa: wani danƙo mai ba da ɗaci, da wani mai mai ba da ƙamshi, kuma halinsu ya saɓa. Danƙon ba ya sakin ɗacinsa sai ya daɗe yana tafasa, kusan awa guda. Man kuwa da ya ji wuta sai ya bi tururi ya gudu. Duk mai shayi ya san wannan lissafi: ganyen da ya daɗe a buta shi ke kawo ɗaci, na'a-na'a kuma sai an kusa saukewa ake jefa ta. Haka mai giya ke yi. Furen da ya zuba da farko na ɗaci ne, na ƙarshen tafasa na ƙamshi ne, sannan in yana son ƙamshin ya buge hanci sai ya ƙara wani a cikin tanki bayan ruwan ya huce, ya bar shi ya jiƙa kwanaki.

Asalin shigar furen nan tukunya ba don daɗi ba ne, don ajiya ne. Ɗacinsa yana hana ƙwayoyin da ke tsamar da giya yaɗuwa. Wanda ya san burukutu ko pito, ko da daga nesa, ya san ba sa kwana da yawa. Babu hop a cikinsu, kwana biyu ko uku sun tsame sun lalace, dole a dafa kusa da inda za a sha. Giyar Turai ma haka take kafin furen ya shigo. Rubutu mafi daɗewa da ya haɗa hop da dafa giya na wani shugaban gidan ibadar Kirista ne a Corbie ta Faransa, a shekarar 822. A ƙarni na 12 wata malamar coci a Jamus, Hildegard ta Bingen, ta rubuta cewa ɗacinsa na hana abin sha ruɓewa. A 1516 Bavaria ta yi dokar da ta ce ba a sa komai a giya sai ruwa da sha'ir da hop. Da giya ta iya yin watanni ba ta lalace ba, sai ta zama hajar fatauci.

Ita kuwa kalmar koɗaɗɗiya daga wajen busar da tsiro ta samo asali. Da can da itace ko ciyawa ake busar da tsiron sha'ir, ya fito da duhu da ƙaurin hayaƙi. A ƙarni na 17 Turawan Ingila suka fara busar da shi da gawayin kwal wanda aka riga aka ƙone hayaƙinsa, sai tsiron ya fito da haske, giyar ta fito ruwan zuma. Ba fara ba ce, amma kusa da baƙar giyar London koɗaɗɗiya ce. Garin da ya yi suna da ita shi ne Burton, a bakin kogin Trent, saboda ruwan rijiyoyinsa na ɗauke da ma'adinin jifsam, wanda ake sakawa a siminti, kuma shi ke sa ɗacin ya fito tsaf ba dauɗa. Har yau masu giya a wasu ƙasashe na zuba jifsam a ruwansu don su kwaikwayi na Burton. Kamfanin Bass na garin, wanda aka kafa a 1777, jan tambarinsa mai kusurwa uku shi ne tambarin kasuwanci na farko da aka yi wa rajista a Birtaniya, a 1876.

Akwai labarin da kowane mai sayar da IPA, wato koɗaɗɗiyar giyar Indiya, ke bayarwa: wai wani mai giya a London, George Hodgson, shi ya ƙirƙiro giya mai yawan hop musamman don ta jure tafiyar jirgin ruwa zuwa Indiya, inda ma'aikatan Kamfanin Gabashin Indiya ke jiranta. Tafiyar gaskiya ce, wata huɗu zuwa shida, a zagaye ƙasan Afirka, a ratsa zafin tsakiyar duniya sau biyu. Hodgson ma gaskiya ne, masana'antarsa na Bow kusa da inda jiragen kamfanin ke lodi, kuma yana ba matuƙa kaya bashi na dogon lokaci. Amma masu binciken tarihin giya sun nuna cewa bai ƙirƙiri komai ba: masu giya sun daɗe da sanin a ƙara hop ga duk abin da zai je ƙasar zafi, kuma baƙar giya ma ta riƙa isa Indiya lafiya, da yawan gaske. Kusanci da tashar jirgi da sauƙin bashi suka ba shi kasuwa. Daga shekarun 1820 masu giyar Burton suka ƙwace ta.

Sai dai giyar da alƙalinmu ke shinshina ba ta Burton ba ce. Jikarta ce da aka haifa a California, kuma yunwar ɗanɗano ce ta haife ta. A 1873 Amurka na da masana'antun giya fiye da 4,000. Haramcin da gwamnati ta sa daga 1920 zuwa 1933 ya kashe da yawa daga cikin waɗanda suka rage, waɗanda suka tsira kuma manya suka riƙa haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. A 1978 saura 89 a duk faɗin ƙasar, kusan dukkansu abu ɗaya suke yi: giya mai haske, mai sanyi ƙarara, an sirka sha'ir da shinkafa ko masara, an rage ɗaci har ya kusa ɓacewa. Dabarar kasuwa ce mai sauƙin fahimta. Abin da ba shi da ɗanɗano mai ƙarfi ba wanda zai ƙi shi, sai talla ta yi sauran aikin.

Ana cikin haka wani iri na zaune a gonar gwaji a Corvallis ta jihar Oregon, ba shi da suna sai lamba 56013. Masu binciken ma'aikatar gona ta Amurka da ke aiki a Jami'ar Jihar Oregon suka haɗa shi a 1956, suna neman hop mai jure cutar ganye. Ya yi shekaru ba mai so. Sai da wata cuta ta afka wa gonakin Jamus, farashi ya tashi, kamfanin Coors ya nuna sha'awa, sannan aka sake shi ga manoma a 1972 da sunan Cascade, sunan tsaunukan yankin. Amma manyan kamfanoni ba su daɗe ba suka ja baya. Ƙamshinsa ya yi musu yawa, yana tashi kamar an ɓare lemo a ɗaki, su kuwa abin da ba ya tashi suke nema.

Abin da ya kori manya shi ya jawo ƙanana. Fritz Maytag, jikan gidan masu ƙera injin wanki, ya sayi wata tsohuwar masana'anta da ke gab da rufewa a San Francisco a 1965, Anchor, kuma a 1975 ya fitar da Liberty Ale wadda ya cika da Cascade. Wani tsohon sojan ruwa, Jack McAuliffe, ya harhaɗa tasa da tsofaffin ganguna a Sonoma a 1976. Bai kai labari ba, ya rufe a 1982, amma ya nuna abin na yiwuwa. A 1978 shugaba Jimmy Carter, mutumin da ba a san shi da shaye-shaye ba, ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum dafa giya a gidansa don amfanin kansa, abin da ya kasance laifi tun zamanin haramci. Jihohin Mississippi da Alabama sai 2013 suka bi sahu. Daga garejin gidaje aka samu ɗaliban da suka zama masu masana'antu. Fitaccensu Ken Grossman ne, mai gyaran keke a garin Chico, wanda shi da abokinsa Paul Camusi suka bi gonakin madara suna sayen tsofaffin tankuna, Grossman na yin waldar da hannunsa. Suka kafa Sierra Nevada a 1980, suka zubar da tukunya bayan tukunya kafin abin ya daidaita, a 1981 suka fitar da pale ale ɗinsu. Barasarta kashi 5.6 cikin ɗari, ɗacinta 38 a ma'aunin da ake kira IBU, a lokacin da na manyan kamfanoni ke wajen 10. Da yawa waɗanda suka fara kurɓa sun yamutsa fuska. Yau ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi, Grossman kuma ya shiga sahun masu biliyan. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Mu koma kan takardar alƙali. Shin da gaske yana jin mangwaro, ko burga ce irin ta masu ilimin da ba a iya ƙaryatawa? A nan na ba shi gaskiya fiye da yadda na zata. Mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke jin sa, ta gaba da kuma ta bayan maƙogwaro, shi ya sa mai mura ke cewa abinci ba daɗi. Man da ke cikin hop kuwa yana ɗauke da sinadarai iri ɗaya da na wasu 'ya'yan itatuwa: wanda ya fi yawa a cikinsa akwai shi a mangwaro da ciyawar lemon da ake sakawa a shayi, wani akwai shi a furen lemo, wani a furen wardi. Akwai kuma wani mai ƙarfin gaske wanda in kaɗan ne yana ƙamshin 'ya'yan itace, in ya yi yawa sai ya koma zarnin fitsarin kyanwa. Haka ma aibobin, kowanne da sanadinsa. Warin jiƙaƙƙen kwali na nufin iska ta shiga ko kayan sun tsufa. Man shanu na nufin an yi gaggawar raba giyar da yis. In hasken rana ya bugi ɗacin hop, cikin 'yan mintuna yakan fitar da wari irin na bodari, dalilin da ya sa kwalaben giya ke zuwa da ruwan ƙasa, ƙananan masana'antu kuma suka koma gwangwani. Wannan ilimi ne da ake iya gwadawa a ɗakin bincike.

Inda ban ba shi gaskiya duka ba shi ne wajen maki. Harshen ɗan Adam na da masu jin ɗaci kusan iri 25, kuma ba a raba su daidai ba. A 1931 wani masanin sinadarai a kamfanin DuPont, Arthur Fox, yana juye wani gari sai ƙura ta tashi, abokin aikinsa ya koka da ɗaci, shi kuwa Fox bai ji komai ba. Daga nan aka gano cewa gado ne: mutum ɗaya cikin uku ko huɗu ba ya jin ɗacin wannan gari sam. Ba shi ne ɗacin hop ba, amma ya isa ya nuna cewa baki biyu ba sa jin abu ɗaya. Ga kuma sabo. Wanda ya shekara 30 yana cin goro ba zai kira ɗan fari mai ɗaci ba. Ita kanta lambar IBU yawan sinadarin ɗaci a lita take aunawa, ba abin da harshe ke ji ba. Giya mai zaƙin tsiro na iya ɓoye ɗaci mai yawa, kamar yadda sukari ke rufa wa shayin farko asiri.

Sabon nan shi ya jefa masu sana'ar cikin tsere. A shekarun 2000 kowa na son ya fi maƙwabcinsa ɗaci: 70, 100, har wani kamfanin Denmark, Mikkeller, ya fitar da wadda ya rubuta wa 1,000, alhali harshe ba ya bambance komai da kirki in an haura 100. Kamfanonin iri masu zaman kansu suka shigo da sababbin hop masu rajistar mallaka, Simcoe a 2000, Mosaic a 2012, da Citra wanda a 2018 ya zarce Cascade a faɗin gonaki. Sai kuma kiɗa ya canza. Wata 'yar masana'anta a jihar Vermont, The Alchemist, ta yi suna da giya mai gurɓi kamar kunu, wadda ba a tace ba, ƙamshi fal, ɗaci a lulluɓe. Mutane suka riƙa tuƙin sa'o'i suna bin layi don 'yan gwangwanaye. A 2018 aka buɗe wa irinta rukuni a babbar gasar ƙasar, nan take ta fi kowane rukuni yawan masu shiga. Bayan shekara 30 ana koya wa mutane son ɗaci, kasuwa ta koma kan abin da ke kama da ruwan lemo.

Abin da ya fi ba ni dariya a duk labarin shi ne wannan: furen da a da ake ƙarawa don giya ta yi wata shida a teku, yau shi ne dalilin da ya sa ba ta iya jira. Ƙamshin man nan gudu yake, wata uku ya yi yawa. Mashayan irinta na juya gwangwani su duba kwanan watan da aka cika shi kamar masu sayen madara, kamfanin Stone ma ya taɓa mayar da ranar ƙarewar wa'adi ta zama sunan giyar, da manyan baƙaƙe a gaba. Wannan kuwa shi ne babban makamin ƙaramin mai sana'a. Wanda ke dafawa a bayan kanti ya sayar a gaban kanti zai ba ka kayan sati ɗaya, babban kamfani mai rumbuna da tireloli ba zai iya ba.

Sai dai ƙanƙantar ma akwai magana a kanta. Ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka ta ce ƙarami shi ne wanda bai wuce ganga miliyan 6 a shekara ba, wato lita wajen miliyan 700. Da iyakar miliyan 2 ce, aka ɗaga ta don kada babban ɗan ƙungiya, mai giyar Samuel Adams, ya faɗo daga layi. Manyan kuwa da suka ga ba za su iya kashe ƙanana ba, sai suka buɗe jaka. Anheuser-Busch ya sayi Goose Island ta Chicago a 2011 kan dala miliyan 38.8. Heineken ya sayi rabin Lagunitas a 2015, ya ƙarasa sauran a 2017. Constellation ya biya dala biliyan 1 kan Ballast Point a 2015, bayan shekara huɗu ya rabu da ita da asara mai yawa. Ita kanta Anchor, uwar tafiyar, Sapporo na Japan ya saye ta a 2017 ya rufe ta a 2023. Tambari bai canza ba, labarin samari biyu a gareji na nan a jikin gwangwani, riba kuwa na tafiya inda ta saba tafiya. Abin ya kai ƙungiyar ta fito da hatimi na musamman a 2017, hoton kwalba a kife, don mai saye ya gane wa ke da kansa.

Akwai kuma abin da kalmomin lemo da mangwaro ke rufewa. Giyar manyan kamfanoni barasarta kashi 4 zuwa 5 ce. IPA takan kai 6 ko 7, mai ninki kuma 8 zuwa sama, sannan a dogon gwangwani ake sayar da ita. Gwangwani ɗaya mai mililita 473 a kashi 8 ya fi ƙananan gwangwanaye biyu na giyar yau da kullum barasa. Mai riƙe da shi na iya ɗaukar kansa masanin ɗanɗano, amma hantarsa ba ta karanta tambari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 2.6 barasa ta yi sanadin mutuwarsu a 2019, a farkon 2023 kuma ta ce babu wani adadin sha da za a kira marar haɗari. Saƙon ya fara shiga. A binciken Gallup na 2025, kashi 54 cikin ɗari na manyan Amurkawa ne suka ce suna sha, mafi ƙanƙanta tun da aka fara tambayar a 1939. Masana'antun sun haura 9,000, amma a 2024 waɗanda suka rufe sun fi waɗanda suka buɗe yawa, karo na farko tun 2005, manoman hop kuma sun rage gonaki saboda kaya sun yi kwantai.

Nijeriya ta taɓa shiga irin wannan lissafi ta wata ƙofa. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, dole kamfanonin giya da na lemon malt suka koma kan dawa, kuma irin da ya karɓi aikin sosai, SK5912, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ya fito. Kamar Cascade, shi ma ɗan gonar gwajin gwamnati ne da 'yan kasuwa suka ci moriyarsa. Hop ne ya gagara. Masu bincike a jami'o'in ƙasar sun gwada shuwaka da namijin goro da ganyen dogon yaro a madadinsa, ɗaci ya samu, amma har yau daga waje ake shigo da furen. Ƙananan masana'antu irin na Amurka ma sun ɓullo; ɗaya daga cikin na farko ta fara a Abuja a 2017 kafin ta koma Legas, kuma sunan da ta zaɓa wa kanta shi ne Bature.

Ƙarshen abin da kasuwar ta gano shi ne ana iya raba furen da barasar. Athletic Brewing, da aka kafa a Connecticut a 2017, ba ya yin komai sai giyar da aka ce babu barasa, kuma ya shiga cikin manyan masu sana'ar. A nan sai mai karatu ya kula: a dokar Amurka abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba ana iya rubuta masa haka, don haka rubutun ba ya nufin sifili. Akwai kuma wani abu dabam, ruwan hop, wanda ba giya ba ne tun asali: ruwan gas ne da aka jiƙa furen a ciki, ba hatsi, ba sukari, ba barasa. Lagunitas ya fitar da nasa a 2018, kamfanin Grossman ma ya bi baya.

Irin wannan ne wani abokina ya kawo min tsaraba, gwangwani ɗaya. Na karanta jikinsa sau uku kafin in fasa. Da na zuba a kofi fari ne tas kamar ruwan rijiya, 'yar kumfar ta tashi ta ɓace nan da nan. Na yi yadda alƙalan ke yi, na kaɗa na cusa hanci, kuma wallahi ga ɓawon lemon nan, ga ɗanyen mangwaro a bayansa, har da wani ƙamshi kamar an karya ɗanyen reshe. Hanci ya yi wa baki alkawarin zaƙi. Da na kurɓa kuwa babu zaƙi ko ɗis, sai tsatsar gas a harshe, sannan wani siririn ɗaci ya biyo baya ya zauna a maƙogwaro kamar ƙarshen goro. Na shanye, na yarda alƙalan ba ƙarya suke yi ba. In da takardar maki a hannuna, zan ba ƙamshin 11 cikin 12. Sauran kuwa, zoɓon gidanmu mai citta da kanumfari ya fi shi.